Na je Almunyekar neman inda Abdurrahman ya sauka, na ɓuge da koyon tsiren kifi

Tun ranar da na gaya wa Kawu an ba ni gurbin karatu a Granada bai bar ni na sha ruwa ba. Shi a wurinsa babu wata Sifaniya, Andalus ce kawai, kuma duk wayar da za mu yi ko gaisuwa ba mu gama ba sai ya jefo min "to ɗana, ka je inda Abdurrahman ya sauka kuwa?" Kawu malamin zaure ne, tun muna yara yake ba mu labarin nan bayan isha'i, yadda Abbasiyawa suka kifar da daular Banu Umayya a shekarar 750 suka bi 'yan gidan sarautar ɗai-ɗai suna kashewa, yadda wani saurayi jikan Halifa Hishamu, wato Abdurrahman ɗin nan, ya faɗa kogin Furatu da iyo shi da ƙaninsa, dakaru na bakin ruwa suna ƙwala musu kira wai su dawo an yi musu afuwa, ƙanin ya yarda ya juya aka kashe shi yayan na kallo daga ɗaya gaɓar. In Kawu ya kawo nan sai ya yi shiru ya kurɓi shayi, mu kuma jikinmu duk ya yi sanyi. Daga nan saurayin ya yi shekara biyar yana gararamba, ya bi ta Masar ya ratsa arewacin Afirka har ya iske dangin mahaifiyarsa Barbar, ya tura bawansa Badar ya haye ya share masa hanya, a 755 ya taka ƙasar Andalus a wani gari da Kawu ke kira Almunakkab. Shekara na zagayowa ya ci Kurɗuba da yaƙi, ya mulke ta har ya rasu a 788, shi ya aza harsashin babban masallacin nan nata. Abokin gabarsa ma Halifa Mansur da bakinsa ya sa masa suna Shahon Ƙuraishawa.

To matsala ta farko sunan garin. Na buɗe manhajar sayen tikiti na rubuta Almunakkab, babu. Na sake rubutawa da ƙ, na cire b, na mayar, shiru. Wanda muke haya tare ɗan Maroko ne daga Tetuwan, ya leƙo wayar ya kwashe da dariya har da riƙe ciki, ya ce huya (haka suke cewa ɗan'uwa) wannan sunan ai ya kwana biyu da mutuwa, rubuta Almuñécar. A baki Almunyekar ake cewa. Ya ce kuma kar na wahalar da kaina neman jirgin ƙasa, babu layin dogo a garin, bas ce daga babbar tashar Granada, tafiyar awa ɗaya da 'yan kai, kilomita wajen 80. Daga Malaga ma kusan haka ne in mutum ta jirgin sama ya sauko.

Shi ya ba ni shawarar mu bari sai farkon Oktoba. Garin mutanensa ba su kai dubu 30 ba amma da zafi ya shigo, Yuli da Agusta, sai ya cika ya batse da 'yan Granada masu gudun zafi da Turawan arewa, kuɗin ɗaki ya ninka, ranar 15 ga Agusta kuma suna bikin waliyyiyar garin da wasan wuta a kan teku, ko wurin taka ƙafa ba ka samu. Abin dariya ita ce ranar da garin ke cewa Abdurrahman ya sauka. Mu dai ɗalibai ne, aljihu ba nauyi, muka kama ɗaki ɗaya mai gado biyu a wani ƙaramin masauki na kwana ɗaya, tikitin bas kusan yuro 10 kowace tafiya. Abu ɗaya da zan ja kunnen duk mai zuwa, ɗauki fasfonka na ainihi ko katin zama, ba hoton da ke cikin waya ba, doka ce a can sai an rubuta bayanan duk wanda zai kwana a masauki. Ni har mun kai ƙofar gida ya tuna min na koma da gudu na ɗauko.

Hanyar kanta abin kallo ce. Ana fita Granada kaɗan akwai wani tudu da ake kira Suspiro del Moro, wato ajiyar zuciyar Balarabe, wai nan sarkin Granada na ƙarshe Abu Abdullahi ya waiwaya ya kalli garinsa bayan ya miƙa makullai a Janairun 1492. Yanzu babban titi ne ya ratsa wurin, in ba allon suna ka gani ba sai ka wuce ba ka sani ba. Abokina ya yi shiru a nan, ya ce mutanen garinsu da yawa jikokin waɗanda suka fita daga Granada ne, su suka sake gina Tetuwan. Daga nan sai gangara, duwatsu, gadoji masu tsayin tsiya, madatsar ruwa, kunnena ya toshe, can sai ga teku ta bayyana shuɗiya shar da garin Salobrenya fari fat a kan dutse, iska ta canja ta yi ɗumi da laima irin ta Legas amma ba nauyi haka.

Mun sauka wajen ƙarfe ɗaya da rabi na rana, muka ajiye jaka, na ce mu tafi ganuwa, tsohon sansanin da ke kan tudun garin, kai tsaye. Nan na yi wautar farko. Muka hau tudu ta cikin tsohon gari, lunguna ƙanana farare masu tukwanen fure, hawa kamar Dala, ga matakala, muna haki muka isa muka tarar da ƙofa a garƙame. Da rana tsaka rufewa suke sai la'asar, Litinin kuma ba a buɗewa gaba ɗaya. Shaguna ma duk sun ja ƙofa, gari kamar an yi ruwa an ɗauke. Ga cikina na kiran ciroma.

Muka gangaro muka shiga wani ɗan wurin cin abinci. A lardin Granada al'adarsu in ka sayi abin sha, ko lemo ne, sai a haɗo maka da ɗan faranti na abinci kyauta, tapa suke ce masa. Na yi murna abin nema ya samu, aka dire min burodi da wani jan nama yankakke siriri kamar kilishin da bai bushe ba, har na kai hannu abokina ya buge min shi. Hamon ne, naman alade, kuma wallahi ko'ina yake a ƙasar nan, rataye a silin kamar an shanya kaya. Tun daga ranar na haddace kalma biyu, "sin serdo", ban da alade, kuma tun wajen odar lemon ake faɗa ba sai an kawo ba. Matar ba ta ji haushi ba, ta ɗauke ta kawo soyayyen gauta irin dogon baƙin nan da aka yaryaɗa wa wani baƙin zuma na rake, ɗanɗanonsa sak mazarƙwaila da aka narkar. Na ce rake a Turai? Ashe Larabawa suka kawo shi gaɓar nan, aka yi ta nomansa ɗaruruwan shekaru, masana'antar sukari ta ƙarshe a Salobrenya sai a 2006 ta rufe. Kalmar ma asukar suke cewa, mu mu ce sukari, uwa ɗaya. Shugaban ƙaramar hukuma kuma alkalde, da na fara ji sai da na waiwaya, alƙali ne fa aka ɗan murɗa masa wuya.

Tunda ganuwa na rufe muka nufi wani lambu da ke ƙarƙashinta, El Majuelo, shi kyauta ne. Ni na ɗauka bishiyoyi kawai zan gani, akwai su kuwa, dabino iri-iri daga ƙasashe daban-daban, amma a tsakiya sai ga wasu ramuka na dutse jere-jere masu kusurwa huɗu, da na hango su sai da na ce kai, Ƙofar Mata! Kamar karofin rini sak, sai dai nan ba baba ake jiƙawa ba, kifi ne. Tun kafin a haifi Annabi Isa da ɗaruruwan shekaru Finikiyawa, 'yan kasuwar teku daga inda Lebanon take yanzu, suka kafa gari a nan suka sa masa suna Sexi (eh na sani, ni ma na yi dariyar, har yau ɗan garin sexitano ake ce masa). Rumawa suka gaje shi suka faɗaɗa sana'ar, ana yanka kifi a jera a ramin, shimfiɗar kifi shimfiɗar gishiri, kayan cikin kuma a tara daban da gishiri a bar su a rana su ruɓe na tsawon watanni har su tsatso wani ruwa mai suna garum, a ɗura a tuluna a loda a jirgi zuwa Rum ana saye da tsada. Abokina ya yatsine fuska wai ƙazanta, na ce kai dai ba ka san daddawa ba ne, abin da ke wari a tukunya shi ke gyara miya. Arzikin kifin nan ya kai har kuɗin da garin ke bugawa hoton kifi ne a jiki. Kuma saboda aikin na cin ruwa Rumawa suka gina magudanar ruwa mai tsawon kilomita 7 daga kwarin kogi a ƙarni na 1, wani sashe nata har yanzu yana tsaye da bakunansa, wani ma ana ban ruwa da shi.

Na daɗe a bakin ramukan nan fiye da yadda na yi niyya. Ni da na zo neman Larabawa, sai na tarar lokacin da Abdurrahman ya sauko daga jirgi garin ya riga ya haura shekara dubu da ɗari biyar yana warin kifi.

Da la'asar muka koma ganuwa, Castillo de San Miguel, tikiti ɗaya da gidan tarihi kuma kuɗin bai taka kara ya karya ba. Gaskiya in ka taɓa shiga Alhambra, fadar sarakunan Granada, kar ka zo nan da dogon buri, babu zane-zanen bango babu rubutun Larabci mai ɗaukar ido, kufai ne da bango da hasumiya. Amma labarinsa ya fi ginin. Sarakunan Banu Nasar na Granada nan suke zuwa shan iska, nan kuma suke jefa waɗanda suka yi fushi da su, akwai wani rami mai zurfi da aka fafe cikin dutse, baki ƙarami ciki faɗi kamar rumbu a ƙasa, ka leƙa ka hango ƙwarangwal a kwance, na ja da baya ina a'uziyya. Garin ya miƙa wuya ga sarakunan Kirista a ƙarshen 1489, shekara biyu da 'yan kwanaki kafin Granada, daga baya suka ƙara manyan hasumiyoyi masu kauri a gaba. A 1812 lokacin yaƙin Napoleon Faransawa na ciki jiragen ruwan Ingila suka yi masa ruwan igwa, har yau akwai hasumiya ɗaya da ta karkace kamar za ta durƙusa. Bayan nan kuma garin ya mayar da wurin maƙabarta fiye da shekara ɗari. Fada, kurkuku, bariki, maƙabarta, yanzu ga mu da waya muna ɗaukar hoto.

Gidan tarihin yana cikin wasu ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na Rumawa da ake kira Kogon Fadoji Bakwai, sanyi ƙalau a ciki. Abin da ya tsaya min a rai wani tulun dutse ne daga Masar mai ɗauke da sunan Fir'auna Apofis na ɗaya, ya haura shekara 3,500, an ce shi ne rubutu mafi tsufa da aka samu a duk yankin Sifaniya da Fotugal. Minti ashirin ya ishe ka ka gama da wurin.

Sai babban abin da ya kawo ni. Muka gangara bakin teku wajen wani dutse da ya shiga cikin ruwa, Penyon del Santo, a samansa an kafa ƙaton gicciye, a gindinsa kuma ga Abdurrahman tsaye, mutum-mutumin tagulla dogo da rawani da alkyabba da takobi. Na tsaya ina kallonsa ina jiran jikina ya yi yarr irin na zauren Kawu, amma a gefensa motoci ne ke wucewa, wata tsohuwa na jan kare, yara na lasar askirim, bayansa kuma dogayen gidajen haya na 'yan hutu da aka jera tun shekarun 1960 da 1970 sun tokare bakin ruwan. Ga jama'a kwance a rairayi, shigar da ke wurin kuwa sai dai mutum ya yi ta kallon takalminsa, Allah ya sa ma Oktoba ce an ragu. Rairayin ma ba fari ba ne irin na hoto, toka-toka ne mai tsakuwa, in ba ka da silifas tafin ƙafarka zai gaya maka. Na ɗau hoto uku, na hau matakalar dutsen har sama, daga can ne na ɗan ji wani abu, don in ka juya wa gidajen baya ba abin da ke gabanka sai ruwa, kuma ka san bayan ruwan nan Afirka ce, ta nan jirgin ya ɓullo da yaro ɗan shekara ashirin da huɗu wanda aka karkashe masa dangi.

Muna saukowa hancina ya kama wani ƙamshi da na sani. Wallahi ƙamshin bakin tasha da magariba. Na bi shi har bakin wata rumfar cin abinci a kan rairayi, sai ga tsohon kwalekwale an ɗora a kan ƙafafu an cika shi da yashi, an hura wuta a tsakiya da itacen zaitun, an kakkafa tsinkaye a gefe sun ɗan sunkuya wajen wutar. Na ce la ilaha illallahu, tukuba! Tukubar mai tsire ce ba ragi, illa dai a maimakon nama kifin sadin ne biyar-biyar shida-shida a kowane tsinke. Espeto sunansa. Mai gashin wani dattijo ne gajere, hannunsa duk tabon wuta, ya ga na ƙura masa ido ya ce in matso. Na lalubo hoton mai tsiren unguwarmu a waya na nuna masa, ya cire tabarau ya kalla ya kalla, ya kira yaron shagonsa ya nuna masa, yana ta surutu da irin Sifaniyancin kudu da ke haɗiye ƙarshen kalma, rabi nake ji abokina na cike min rabi.

Da yake ba ciniki sosai ya ce in wanke hannu in gwada. Kifin ba a feɗe shi ba a kankare shi, yadda ya fito daga ruwa haka ake soke shi. Tsinken faffaɗa ne kamar wuƙa, da can na gora ne da ake ferewa, yanzu da yawa na ƙarfe suke amfani da shi. Na ɗauki na farko na soka ta tsakiya yadda ake tsire nama, ya girgiza kai ya zare. Ya kama yatsana ya ɗora a bayan kifin ya ce in ji ƙashin baya, tsinken gefen ƙashin zai bi ba cikinsa ba, kuma duk kifayen ta gefe ɗaya, don in tsokar ta yi laushi aka juya ƙashin ne ke riƙe kifin a kan tsinke. Na biyu ya fashe min a hannu, na uku ya shiga daidai. Ya watsa gishiri mai tsakuwa da hannu sama-sama, ba mai ba albasa ba komai. Na je zan kafa sai ya riƙe min hannu, ya ɗebi yashi ya saki ya ga inda iska ta kai shi, sannan ya nuna min ɓangaren da iskar ke fitowa ya ce nan, hayaƙi ya tafi can, zafin garwashi ake so ya gasa ba harshen wuta ba. Mintuna kaɗan fatar ta fara tsatsafo da mai ta yi ruwan zinari, na juya, kifi ɗaya ya sulale ya faɗa toka, dattijon ya yi dariya har da tari ya ce wannan ne na farkon da ka soka a karkace.

Ya ce min kuma na makara, sadin mai kitse sai watannin da babu harafin R a sunansu, Mayu zuwa Agusta kenan a nasu lissafin. Ni dai wanda na ci ban ga abin da ya rage masa ba. Da hannu ake ci, a matsa lemon tsami, a zare tsokar a bar ƙaya. Nan na tuna da ƙullin yajin ƙuli da Umma ta cusa min a akwati, kullum akwai kaɗan a jakata, na barbaɗa na miƙa wa dattijon. Ya ɗanɗana, ya yi shiru, idonsa ya kawo ruwa, ya nemi ruwa ya sha, sannan ya miƙo hannu wai in ƙara masa a takarda zai kai wa matarsa.

Sallah a ɗaki muka yi, muka haɗa muka yi ƙasaru, alƙibla da waya, gabas ce ta ɗan karkata kudu. Wanda bai saba ba agogon ƙasar nan sai ya rikita shi, a Oktoba rana ba ta fitowa sai bayan takwas na safe, magariba wajen takwas saura, abincin dare kuma sai tara ko goma suke fara shi.

Washegari da safe kafin bas muka ɗan taka bayan gari wajen kwarin Rio Berde don ganin magudanar Rumawan nan, sai ga ta tsaye a tsakiyar gonaki, kore ko'ina, mangwaro da fiya da wata bishiya mai 'ya'ya kore masu zanen ɓawon kifi. Duwatsun Siyera Nebada ne ke tare musu sanyin arewa shi ya sa ake kiran gaɓar Kosta Tropikal. 'Ya'yan itacen nan cirimoya sunansa, kuma kwarin nan na cikin inda aka fi nomansa a duniya, lokacinsa ya fara kenan. Na saya a wurin wata mata a bakin hanya na ɓare, fari tas ciki da baƙaƙen ƙwallaye, na kai baki sai ga ni a dajin bayan garinmu muna kiwo, gwandar daji ce wallahi, 'yar uwarta ce da ta ci ta ƙoshi. La Herradura da ke gaba kaɗan, inda guguwa ta nutsar da jiragen yaƙin Sifaniya 25 a rana ɗaya a Oktoban 1562 mutane dubbai suka mutu, ba mu samu zuwa ba, lokaci ya ƙure.

A cikin bas na tura wa Kawu hotunan ta wayar ɗansa, ko minti biyar ba a yi ba ya kira. Na ce Allah gafarta Malam ga Abdurrahman ɗinka na gano maka. Ya yi shiru, ya ce yanzu bawan Allahn nan gunki suka mayar da shi? Na ce ai girmamawa ce a wurinsu Kawu. Ya ce to Allah ya kyauta, ya tambayi ko da sauran masallaci daga zamaninsa, na ce ni dai ban gani ba sai bangon ganuwa. Ya sake yin shiru, can ya ce wannan hoton na ƙarshe fa, mai tsire ne har a can? Na ce kifi ne Kawu, ni ma na soka da hannuna. Ya ce ikon Allah, a tura ka karatu ka tafi tukuba. Muna gama wayar na ji danshi a cinyata, ashe cirimoya huɗun da na cusa a ƙasan jaka na ɗora caja da takalmi a kai duk sun fashe, fasfon da na koma gida da gudu na ɗauko yana tsakiyarsu.